Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kiwon lafiya na jihar Damagaram: a riƙa gwada mata kafin a ba su maganin sanyi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranku ya daɗe, shugaban hukumar kiwon lafiya ta jihar Damagaram, da manyan likitocin gundumomi tun daga cikin birnin Zinder har Mirya, Magarya, Matamai, Dungas, Tanut, Gure da sauran su, da manjojin da ke riƙe da CSI, wato ƙananan cibiyoyin kiwon lafiya, na cikin gari da na karkara. Ina gaishe ku da aiki, ya gajiya ya jama'a, Allah ya taya ku riƙo ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Ni sajfam ce mai ritaya, na yi aikin awo da karɓar haihuwa a ƙauye da cikin gari har ƙarfi ya fara ja baya. Yanzu ina gida, amma duk wadda ta taɓa wannan aikin ta san ba a ajiye shi, gidana kullum da mata, wata ta zo da karnen awo, wato ɗan littafin awon ciki, in karanta mata, wata da ledar magani in duba mata, wata kuma sai ta bari kowa ya watse sannan ta matso ta rage murya ta ce Inna, sanyi ke damuna. To da bakin waɗannan na ƙarshe nake magana, don su dai ba za su rubuta muku ba, kunya ba za ta bar su ba, da yawansu ko mijinsu ba su iya buɗe baki su faɗa wa. Ina neman afuwar duk wanda zai karanta, zan kira abubuwa da sunansu don ba yadda za a yi a gyara abin da aka ƙi ambata.

Kukana guda ne. Mace ta shiga likita ta ce farin ruwa na fitar mata ko tana jin wari a gabanta, a wuraren da na sani da waɗanda mata ke ba ni labari ba a duba ta, ba a ɗaukar ruwan a gwada, ordonas kawai ake rubuta mata ta tafi. Maganin canki-canka ke nan, in an dace an dace, in ba a dace ba ta dawo bayan wata biyu a sake rubuta mata wani, ko ta gaji ta koma wajen masu yawo da magani a kwali.

Ku likitoci kun sani, amma tunda wasiƙar a buɗe take bari in yi bayani saboda sauran jama'a. Abin da mata ke haɗawa su kira sanyi ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai mikoz, wanda ruwansa ke da kauri guda-guda, ga ƙaiƙayi har mace ta kasa barci, wurin ya yi ja ya kumbura amma ba wari sosai, ya fi kama masu ciki da masu ciwon suga da wadda ta sha antibiyotik ta daɗe. Akwai tirikomonas, ruwansa da kumfa, rawaya-rawaya ko kore-kore, da raɗaɗi, shi ta hanyar saduwa ake ɗauka kuma dole a yi wa miji magani tare. Akwai ciwukan bakin mahaifa irin su gono da kilamidiya da sau da yawa ba su nuna komai suna cin mace a ɓoye. Akwai ma ruwan da ba ciwo ba ne sam, garai-garai mai yauƙi da ke zuwa tsakiyar wata, lafiya ce, amma ƴan mata na ta shan ƙwayoyi a kansa. Sai kuma wanda ya fi duka yawa kuma aka fi rashin sani, wanda a takardun likita ake rubutawa vaginose bactérienne, mu ma'aikata mu ce bajinoz, kuma a kansa nake son in tsaya. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce tsakanin kashi 23 zuwa 29 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa a duniya suna da shi, wato kusan mace ɗaya cikin huɗu. Ku ƙirga matan da ke zaune a bencin awo kowace safiya ku raba huɗu.

Allah ya halicci gaban mace da masu gadinsa. Akwai wasu ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a wurin, laktobasil, dangin waɗanda ke sa madara ta kwana ta zama nono, kuma aikinsu ɗaya ne can da nan, tsami suke samarwa. Kowace mace ta san ɗanyar madara in an bar ta a zafin Zinder kafin la'asar ta tashi aiki, amma nono mai tsami yana wuni yana kwana bai lalace ba. To haka gaban mace mai lafiya yake da ɗan tsaminsa, in an auna da ma'aunin pH yana tsakanin 3.8 zuwa 4.5, kuma tsamin nan shi ke hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Ranar da laktobasil suka ragu tsamin ya tafi, sai wasu ƙwayoyi irin su Gardnerella da Prevotella da Mobiluncus, waɗanda sau da yawa da ma suna nan ƴan kaɗan a laɓe, su hayayyafa su cika wurin, su ne ke fitar da abin da ke ba da ƙarnin. Ba daga makewayi ake ɗaukarsa ba, ba daga buta ba, ba daga zanen gado ba, ba shan ruwan sanyi ko zama kan siminti ke kawo shi ba, kuma wallahi ba ƙazanta ba ce, don mafi yawan waɗanda na gani da shi mata ne masu tsabta har ta yi yawa. Abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi su ne wanke can ciki da cusa abubuwa, da sabon abokin kwanciya ko fiye da ɗaya. Maniyyi da jinin al'ada ma suna kashe tsamin na ɗan lokaci, shi ya sa warin ya fi tashi bayan an sadu ko bayan ta gama al'ada.

Alamominsa kuwa ruwa ne tsinkakke ba kauri, fari-fari ko toka-toka, da ƙarni irin na kifi, galibi ba ƙaiƙayi sosai ba kumburi. Kuma rabin masu shi ko fiye ba su jin komai. Kun ga ke nan wanda bai tambaya ba bai duba ba, da me zai bambanta wannan da mikoz? Maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne, ovil ɗin mikoz, wato ƙwayar da ake sawa a gaba, ba ya taɓa bajinoz ko kaɗan, shi metronidazol yake so ko kilindamisin. Mace nawa na ga ta ƙarar da kuɗin adashenta a kan ovil kwali bayan kwali, wari na nan inda yake.

Na san amsar da za a ba ni, cewa akwai tsarin yin magani bisa alamomi wanda OMS ta amince da shi inda babu labo. Na yi aiki da shi, ya taimaka a wuraren da ko wuta babu. Amma tsarin bai ce kar a tambaya ba, bai ce kar a duba ba, kuma ƙa'idojin da OMS ta sabunta a 2021 sun ce inda akwai madubin labo mai nuna ƙwayoyin cuta a yi amfani da shi. Mu a nan har tambayar da dubawar sun faɗi a hanya, sai rubutun ordonas ya rage.

Abin da ya fi ƙona min rai, gwajin nan ba sabo ba ne kuma ba mai tsada ba ne. Tun 1955 wasu likitoci biyu a Amurka, Gardner da Dukes, suka bayyana ciwon. A 1983 Amsel da abokan aikinsa suka fitar da alamomi huɗu da har yau ake aiki da su, in an samu uku cikin huɗu an tabbatar. Ta farko ido ne kawai, a ga irin ruwan. Ta biyu ƴar takardar pH ce, a shafa mata ruwan ta canza launi nan take, in ya haura 4.5 alama ce, mikoz kuwa galibi ba ya ɗaga shi, kun ga da takarda ɗaya an fara raba su. Ta uku a ɗiga ruwan potas mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a kan ruwan, in bajinoz ne ƙarnin kifi zai bugi hancinka. Ta huɗu ita ce mai buƙatar madubi, a ɗora ɗigon a gilashi da ruwan gishirin labo, ƙwayar fatar mace mai lafiya tsaf take ana ganin gefenta a fili, ta mai bajinoz kuwa ƙwayoyin cutar sun manne mata sun rufe ta ta yi ɗigo-ɗigo har ba ka gane iyakarta. A gilashi ɗayan nan in tirikomonas ne za ka gan shi yana motsi, in mikoz ne za ka ga zarensa. Mintoci kaɗan ne. Uku daga cikin huɗun ba su buƙatar lantarki ma, sajfam a CSI ɗin da ke bayan Tanut za ta iya yin su da fitilar hannu. Madubin kuma muna da shi a asibitocin gunduma, da shi ake duba jinin palu da majinar tarin fuka. Manyan labo su ma suna da hanyar rina gilashin su ƙirga ƙwayoyin, ma'aunin Nugent na 1991, daga 7 zuwa 10 bajinoz ne. To me ya hana?

Rashin dubawar nan yana da wani haɗari da ya fi bajinoz ɗin kansa. Mace ta manyanta, ruwa mai wari na zuba, wani lokaci da ɗan jini bayan saduwa, a yi ta ba ta maganin sanyi wata da watanni babu wanda ya sa spekulom, abin da ake buɗe gaba da shi, ya kalli bakin mahaifa, ashe kansa ce, ciwon daji, ke ci. Na ga irin wannan da idona, kuma lokacin da aka gano an makara.

Sai maganar sirri. Ku shiga ɗakin ganin marasa lafiya a wasu wurare ranar da ake cika. Ƙofa a buɗe saboda zafi, labule ya yage ko babu, benci na bakin ƙofa mata sun jeru a kai, wadda ke gaba tana jin numfashin ta ciki, cikin layin nan akwai maƙwabciyarta ko dangin mijinta ko ƙawar kishiyarta. Ma'aikacin namiji ne, sa'an ɗanta, kansa na kan rajista. Ya ce me ke damunki, ta ce mara ce ke ciwo, don shi ne abin da bakinta zai iya furtawa a wurin. Ya rubuta maganin ciwon mara, ta karɓa ta gode ta fita da abin da ya kawo ta. Ba laifin yaron nake gani ba, mutum ɗaya ne a kan jama'a ba adadi, ga palu ga gudawa ga tamowa. Amma mace ba za ta taɓa cewa ina wari a gaban layi ba, ko da kyauta ake maganin.

Yanzu babbar magana, wadda ta sa na ce dole in rubuta. Muna zaune a gari inda ake tallan abin da ke kawo ciwon a matsayin maganinsa. Kayan matsi, alif, garin bagaruwa, kanumfari, miski, tafarnuwa, lemun tsami, gishiri, sabulu kala-kala, ƙulle-ƙullen leda da babu suna babu kwanan wata, wasu daga Kano wasu haɗin gida, duk ana cusawa. Lokacin ina aiki an kawo mini wata amarya watanninta kaɗan a ɗaki, tana tafiya tana buɗe ƙafa. Da na lallaɓa na duba, bangon ya bushe ya yi fari ya tsattsage, ga guntayen wani baƙin gari maƙale a lungu, ga ƙarni. Na ce ɗiyata me kike sawa, ta sunkuyar da kai ta ce gwaggonta ce ta haɗa mata tun kafin biki, da wari ya fara kuma sai ta ƙara da zuba Dettol a ruwan tsarki safe da yamma tana sa yatsa tana wankewa har ciki. Yarinyar nan ba ta yi don ɓarna ba, so take mijinta ya ji daɗinta kar ya ƙyamace ta, gwaggon ma da ƙauna ta yi. Amma duk wankin nan laktobasil yake kashewa, wari ya ƙaru, ta ƙara wanki, wari ya ƙara ƙaruwa, ga tsagar da ta zama ƙofa ga kowace cuta.

Kuma wa ke faɗa musu akasin haka? Ka kunna rediyo da dare ka ji mai magani ya sayi lokaci, ya jero ciwon mara, ciwon baya, rashin haihuwa, ɗaukewar sha'awa, ƙurajen fuska, zubewar gashi, ya ce duk sanyi ne, jarka ɗaya ta sha, ƙulli ɗaya na matsi, ga lambar waya. Ka zaga wajen kasuwar Dole ka ji lasifika na faɗin abin da ni da na yi aikin haihuwa ba zan iya maimaitawa ba. A WhatsApp da TikTok kuwa ba a magana. Ban zo cin mutuncin masu maganin gargajiya ba, akwai na kirki cikinsu masu tura mace asibiti in abu ya fi ƙarfinsu. Amma su suna magana da mata kullum da harshen da mata ke ji, hukumar lafiya kuwa ta yi shiru a kan wannan fanni kamar ba nata ba ne. Na ji sanarwar rigakafin shan inna, na ji ta sange, na ji ta tazarar haihuwa, duk suna da kyau, amma ban taɓa jin an fito an ce wa mata kar ku wanke can ciki ba, wurin da kansa yake wanke kansa, ruwa zalla a waje ya isa.

Wasu matan suna yi ne da zaton addini ya ce, wai tsarki bai cika ba sai an kai ciki. Malamanmu sun san ba haka ba ne, a Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan an faɗa ƙarara cewa ba a ɗora wa mutum wanke abin da ke can cikin mafita ba. Magana ce da malama a islamiyya za ta warware cikin minti biyar in an haɗa ta da ma'aikaciyar lafiya.

Masu ciki su ne suka fi ba ni tsoro. Bincike da yawa sun nuna mai ciki da ke da bajinoz haɗarin ta haifi bakwaini ya kusa ninki biyu, ga haihuwar jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, ga ɓarin cikin da ya fara girma, ga ciwon mahaifa bayan haihuwa ko bayan tiyata. Kun fi ni sanin halin da ɗan bakwaini ke shiga in an haife shi a ƙauyen da ke nesa da kwalba. Ƙa'ida ita ce duk mai cikin da ke da alamomi a gwada ta a yi mata magani, kuma metronidazol ana ba masu ciki. Tun 2006 gwamnati ta sa awon ciki cikin abubuwan kyauta, alhamdulillahi mata na zuwa, ana auna nauyi, ana auna tansiyo, ana auna ciki, a ba da maganin ƙarin jini da na palu da allurar tetanos. Amma ba a cika tambayar ko kina ganin wani ruwa da ya canza ko wari ba, ita kuma ba za ta fara ba. Sai ta je ta nemo da kanta. Kwanan baya wata maƙwabciyata mai ciki wata biyar ta kawo mini ledarta, na zazzage a tabarma, ga kapso ja da rawaya ba kwali, ga doksisikilin da bai kamata mai ciki ta sha ba, ga wasu fararen ƙwayoyi da aka yanko da almakashi babu suna a jiki, ga ƙullin gari na matsi. Ta ce mai kwalin ya ce ta sha biyu-biyu, kapson kuma ta fasa ɗaya ta zuba a ciki da dare. Na tambaye ta ranar awo ba ki faɗa ba, ta ce ai ba su tambaya ba Inna.

Ban da ciki, mace mai bajinoz ta fi saurin kamuwa da cututtukan saduwa in ta haɗu da su, an kiyasta haɗarin ɗaukar sida yana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin 100, ga ciwon da ke hawa sama ya taɓa mahaifa da hanyoyin ƙwai. Duk kuɗin da ake kashewa a yaƙi da sida, wannan ƙofar an bar ta a buɗe.

Ko wadda ta dace aka rubuta mata maganin da ya dace, aikin bai ƙare ba. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, miligiram 500 ne sau biyu a rana har kwana bakwai. Yana sa ɗacin baki kamar ka tsotsi ƙarfe, yana tayar da zuciya, kwana biyu uku wari ya ɗauke sai ta ajiye sauran ta ce na warke, ko ta ba ƙanwarta. Da an ce mata tun farko za ki ji ɗaci ki daure ki sha bayan abinci ki ƙarasa, da ta ƙarasa. Kuma ciwon mai dawowa ne, fiye da rabin waɗanda aka yi wa magani yana dawo musu cikin shekara guda, in ba a gaya mata ba sai ta ce maganin likita ba ya aiki ko ta ce jifa ne aka yi mata. Mun daɗe ana koya mana cewa ba a yi wa miji maganin bajinoz, to a 2025 an wallafa wani bincike daga Ostareliya da ya nuna in an yi wa mijin magani tare da matar na kwana bakwai, ƙwaya ta sha da man shafawa, dawowar ciwon cikin mako 12 ta sauko daga kashi 63 zuwa 35 cikin 100. A kan masu mace ɗaya aka yi binciken, mu kuwa gidajenmu akwai mai biyu akwai mai huɗu, to wannan tambaya ce da ya kamata likitocin matanmu da malaman sashen lafiya na jami'ar André Salifou su zauna a kanta su ba ma'aikata matsaya, kar kowa ya riƙa yin gaban kansa. Amma a yi hattara da yadda za a faɗe ta, don bajinoz ba shaidar cin amana ba ne, matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana samu. Na ga auren da ya yi tsami a kan wannan, miji ya ƙaurace wa ɗaki ya ce ba ta da tsabta, ko ya fara zarginta, ita kuma ta daina zuwa biki da suna ta daina zama kusa da mutane a islamiyya tana ta turare jikinta, abin da kwana bakwai na magani da bayani mai kyau zai kawar.

Ranku ya daɗe ga abin da muke roƙo.

A sa takardar pH da ruwan potas da auduga mai sanda da safar hannu da spekulom isassu cikin kayan da ake aika wa kowace CSI da kowane ɗakin haihuwa, su shiga odar yau da kullum ta hanyar ONPPC, ofishin gwamnati mai samar da magunguna, kamar sauran kaya, ba sai wani proje ya zo ya kawo ya tafi ba. Labo na asibitocin gunduma su riƙa duba ruwan a ranar da aka ɗauka a ba mace sakamako kafin ta koma ƙauye, a rubuta kuɗin gwajin a manna a bango da Hausa, ragin rabin kuɗi da gwamnati ta yi a asibitocinta a 2024 mata su gan shi a wannan gwajin ma.

A sake horar da sajfam da infirmiye a kan alamomin nan huɗu, da hannu ba da allo kawai ba, kuma ɗaliban makarantun lafiya kar a ba su takarda sai kowane ya taɓa yi. A koya musu su faɗa wa mace kar ta wanke ciki ko ta sa wani abu ko ta sadu da miji kwana guda kafin gwaji, kuma ba lokacin al'ada ba, don duk suna ɓata sakamako.

A kowane wuri a ware ɗaki ko lungu mai ƙofa da ke rufuwa, a matsar da benci nesa da ita, a sa mace ma'aikaciya a wasu ranaku sanannu na mako. Inda babu mace ko kunya ta hana, a ba ta audugar ta shiga ta ɗauko ruwan da kanta, an tabbatar hakan na aiki. Amma duk macen da ruwanta ke haɗe da jini ko ta sha magani bai yi ba, dole a kalli bakin mahaifa.

A ƙara layi guda a takardar awo, tambayar ruwa da wari da ƙaiƙayi, a yi ta kowane zuwa, ma'aikaciya ta fara ba mai cikin ba. A rajista kuma a daina haɗa komai a layi ɗaya, a rubuta wanne ne aka samu, don ku ma in an tambaye ku mata nawa ke da bajinoz a jihar nan ku sami abin faɗa.

Ku karɓi lokaci a gidajen rediyon gari da na karkara, a daidai lokacin da masu tallan ke magana, a sa mace likita ko sajfam mai Hausa a baki ta yi bayani mata su kira su tambaya ba tare da faɗin suna ba, a yi da Barbarci da Fulatanci da Tamashek ma. Ku haɗa kai da hukumar da ke sa ido kan magunguna da ta kafafen yaɗa labarai a hana tallan duk wani abin cusawa da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ku nemi fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da limamai da malaman islamiyya su shigo ciki, don maza su ma su ji, su daina matsa wa mata da neman matsi, su daina ɗaukar wari a matsayin laifi, su ba da kuɗin zuwa likita su raka in an ce su zo.

Mu tsofaffin sajfam muna nan cikin unguwanni, a Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, mata sun saba da mu suna faɗa mana abin da ba su faɗa a asibiti. In kun shirya horon ko shirin rediyon ku aiko a kira mu, kuma muna roƙon a ba mu amsar wannan wasiƙa a fili yadda muka rubuto ta a fili.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Wata sajfam mai ritaya, a madadin matan da ke zuwa gidanta
Zinder